Hannun da Ya Sassauta

Masu bina a wannan shafi, ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Wata a cikinku har ta rubuto tana tambaya ko an ɗaura ne ba a gayyace ta ba. Ba a ɗaura komai ba, 'yar'uwa. Ƙafata ce ta tsage, kuma wurin da ake yi mini ƙafa ana shirin rufe shi. Wanda ya shigo yau bai san ni ba, ga ni a taƙaice: tela ce ni, ina da ɗan shago a bakin titinmu, kuma ƙafata ta dama daga ƙasan gwiwa ta roba ce. Mota ce ta ɗauke ta tun ban shiga firamare ba. Don Allah kar wanda ya rubuto mini "Allah sarki", na sha shi har ya gundure ni. Da hagu nake taka keken ɗinki, kuma ban taɓa ɓata wa kowa yadi ba.

Cibiyar tana bayan babban asibiti, in ka wuce ɗakin wanki ka bi ta gindin wata bishiya da saiwarta ta tsaga dandamali. A ƙofa akwai allo mai tutoci biyu, tamu da ta wata ƙasa mai arziki da ke can inda rana ba ta da zafi. Gwamnatocin biyu ne suka ƙulla abin da suke kira ƙawance. Su su kawo injuna da kayan aiki da ƙwararru, mu kuma mu kawo fili da ma'aikata da masu ƙafa ɗaya. A nan na girma. Yaro ba ya daɗewa da ƙafa guda, yana tsawo tana yi masa kaɗan, don haka kusan duk shekara sai an sake mini. Har ma'aikatan suka daina kiran sunana, suka koma ce mini 'Yar Gida.

Ko yanzu na rufe ido ina jin warin wurin: robar da ake narkawa a murhu, da jiƙaƙƙen farin siminti irin na ɗori, da shayin da ba ya sauka daga kan wuta a kusurwa. Injin gurza yana kuka, farar ƙura ta hau gira da gashin ido, kowa ya zama tsoho kafin azahar. Shugaban ɗakin aiki shi ne Baba Gwani, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda baƙin farko suka koya wa sana'ar tun yana saurayi. Shi ya yi mini awon farko. Na yi kuka, na cije shi a hannu, bai saki ba. Har yau in ya so tsokanata sai ya naɗe hannun riga ya ce, “Ga haƙoranki nan, 'Yar Gida, ban goge ba.”

Akwai wata baturiya a lokacin, doguwa mai gajeren gashi, da muke kira Madam Fito. Ba ta jin yarenmu sai gaisuwa, amma in tana aiki fito take yi kamar direban babbar mota. Ranar farko da Mama ta ji mace tana fito sai da ta yi salati. Ranar da aka gama ƙafata ta farko, Madam Fito ta ga na ƙi kallon ƙafar, sai ta buɗe jakarta ta ciro jan farce ta shafa wa 'yan yatsun robar ɗaya bayan ɗaya, tana hurawa. Nan take na ce a sa mini. A motar haya muna komawa gida na ɗora ƙafar a cinyar Mama ina nuna wa kowa, ita kuwa ta juya fuska waje tana share ido da gefen mayafi. Wannan ƙafar tana nan a tsohon akwati a saman durowar Mama, tare da sauran, daga 'yar ƙarama har zuwa babba. Mama ba ta yarda a zubar da ko ɗaya ba.

Sai kuma ranar baƙi. Duk sa'ad da manya suka zo daga ƙasar masu tallafi don su ga inda taimakonsu ke tafiya, ana wanke ƙasa, a ɓoye kofunan shayi, a aiko a ɗauko ni. Mama ta sa mini gajeriyar riga mai ɗigo-ɗigo don ƙafar ta fito, ta ɗaure mini gashi da jan ribbon. In bi tsakanin ƙarafa biyun koyon tafiya, in je in dawo, in tsaya in ce “na gode” da yarensu, yadda Madam Fito ta haddace mini. Su tafa, su ɗauki hoto, a ba ni biskit. Ina ƙarama daɗi nake ji. Da na fara zama budurwa sai abin ya riƙa yi mini nauyi, in ji kamar ƙafar ba tawa ba ce, aro aka ba ni. Amma ban taɓa ƙin zuwa ba. Mutanen nan sun tsayar da ni a kan ƙafafuna, kuma ba ni da butulci.

To, bari in zo kan wanda kuke jira.

Bahago ya zo cibiyar ne bayan ya gama karatu, lokacin hannun Baba Gwani ya fara rawa. Dogo, siriri, maganarsa sai ka matsa kusa. Akwai wani fensir da suke zana alama da shi a kan fata kafin awo, sai an jiƙa bakinsa yake kamawa. Kowa a ruwa yake tsomawa, shi kuwa lasa yake yi, don haka kullum leɓensa na ƙasa shuɗi ne. Ranar da na fara ganinsa na ce, “Malam, ka sha tawada ne?” Ya goge da bayan hannu, ya ƙara shafe ta har haɓa. Mama da ke zaune a kusurwa ta harare ni, amma na ga tana danne dariya.

Shi ya karɓi aikin ƙafata. Ni kuma na karɓi rigar aikinsa, don na lura aljihunta a dama yake, kullum sai ya karkace jiki yake ciro almakashi. Na farke aljihun na mayar da shi hagu. Ya tsaya a ƙofar shagona yana sa hannu yana cirewa kamar an ba shi sabuwar mota.

“Nawa ne?”

“Je ka, Allah ya kai kasuwa.”

“Ai ba a yi haka ba.”

“An yi yau.”

Daga nan saƙonni suka fara. Ku kar ku sa rai da wani zance mai daɗi, mutumin nan saƙonsa ɗaya ne: “Barka da yamma. Yaya ƙafa?” Ni kuma in amsa, “Ƙafa lafiya. Mai ƙafar ma tana nan da rai, in ana tambaya.” Sai ya turo hoton dariya guda ɗaya tak, shi ke nan. Wallahi na sha ajiye waya in ce ba zan ƙara amsawa ba, amma da ta yi ƙara sai in bar almakashi a tsakiyar yadi.

Bara ya yi mini sabuwar ƙafa. Jama'a, ban taɓa sa ƙafa mai daɗinta ba. Wurin da dungu ke zama, wanda suke kira kofi, a al'ada yana matsewa ƙwarai, makon farko har hawaye yake sa mutum kafin jiki ya saba. Wannan kuwa ko kaɗan bai dame ni ba. Na riƙa yabonsa ga duk wanda ya shigo shago. Ba a yi wata ba fata ta fara saɓulewa, ta zama miki, miki ya ƙi warkewa. Na koma kan sanduna kamar wadda aka yanke jiya. Da na warke na koma cibiya, sai na tarar an mayar da ni hannun Anti Mai Awo, mace ɗaya tilo a ɗakin aikin. Bahago yana can bakin injin gurza ya ba ni baya. Bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce a raina ya ga mikin ne ƙyama ta kama shi, kuma abin ya ci mini rai fiye da mikin.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bai daina zuwa shago ba. Yau ya kawo wando a rage tsawo, gobe ya dawo da shi a ƙara. Wata rana ya kawo riga lafiyayya ya ce maɓallinta na rawa. Na ja maɓallin da ƙarfina bai motsa ba. Na kalle shi, ya kalli silin.

Ana cikin haka labari ya zo. Mutanen can sun sake gwamnati, sabbin sun ce sun gaji da ciyar da na waje alhali nasu na kuka. Za su miƙa cibiyar ga ma'aikatarmu su tafi. An ce ƙawance ne, amma ban taɓa ganin ƙawancen da mutum ɗaya ke sa ranar rabuwa shi kaɗai ba. Kuma kowa ya san ma'anar miƙawa. Sashen tabarau da ke maƙwabtaka da mu haka aka miƙa shi, da jawabi da lemo, yanzu kwaɗo ne a ƙofar, tantabaru na kwana a tagar. Roba da ƙarfe da tafin ƙafa duk a kwantena suke zuwa daga can, ko ƙusa ba ma ƙerawa a nan.

Gwaggo, yayar marigayi babana, ita ta fara shafa wa gemunmu ruwa. Ta zo da yamma da babban mayafinta ruwan goro da jakarta mai zip uku, ta zauna a kujerar da ke kallon talabijin, wadda ba mai zama a kai in tana nan. Ina ƙasa ina yanka hannun riga.

“Ke, na ji masu jajayen kunnen nan sun naɗe tabarmarsu.”

“Haka aka ce, Gwaggo.”

“To kayan aro dai ba ya rufe katara, dama na sha faɗa. Yanzu in wannan ta lalace, wa zai yi miki wata?”

“Allah na nan.”

“Allah na nan, kuma ya ce tashi in taimake ka. Yaron nan mai shuɗin baki da ke zarya a shagonki, me yake nema?”

“Ɗinki yake kawowa.”

“Ɗinkin uwa! Wandonsa nawa ne a duniya? Ke dai faɗuwa ta zo daidai da zama. Ki kama shi da hannu biyu. Ga miji, ga mai gyara a cikin gida. Ko tsakar dare ta ɓalle, sai dai ki taɓa shi.”

Mama ta ce, “Yaya, a bi a hankali.”

“Hankalin me? Ke kin ga layi a ƙofar gidan nan? Mu faɗi gaskiya mana, yarinya da ƙafa ɗaya ba ta zaɓe.”

Almakashin ya tsaya a hannuna. Ban ɗaga kai ba, don in na ɗaga za ta ga idona. Gwaggo ba muguwa ba ce, ku fahimce ni. Ita ta kwana da ni a asibiti lokacin da Mama ke takaba, ita ta goya ni har bayanta ya ƙage. Sonta ne ba shi da birki.

Bayan 'yan kwanaki ina shago saƙo ya shigo, kuma ba “yaya ƙafa” ba ne. “Ina so in zo gida in gaida Mama, in kin ba ni izini. Ba maganar ƙafa ba ce.” Na karanta, na kife wayar, na sake ɗauka na karanta. Na ɗinke wuyan rigar wata mata a baibai ban sani ba. Na rufe shago da wuri, na tsaya a hanya na sayi turare, ni da ba na sayen turare sai an yi mini tsaraba. A gida na ciro doguwar rigata shuɗiya mai aiki a ƙirji, wadda na ɗinka wa kaina ban taɓa sawa ba, na shimfiɗa a gado ina kallo. Ina sonsa. Ban taɓa rubuta wannan a shafin nan ba, to ga shi na rubuta.

Sai na ji muryar Gwaggo a falo, tana magana da Mama cikin jin daɗi.

“Ai na je har wurin aikin nasu. Na kira shi gefe na ce, yaro, ka dubi Allah ka dubi marainiyar nan. Masu taimakonta sun gudu. Ka rufa mata asiri, ladanka na wurin Ubangiji. Ya sunkuyar da kai, yaro mai kunya. Za ki gani, ba zai wuce makon nan ba.”

Na zauna a bakin gado a kan rigar, ban ma lura ba. Wato roƙo aka je aka yi a kaina. Masu tallafi sun tafi, an samo mini wani mai tallafin. Na hango kaina a gidansa, kullum safiya ina tafiya ina dawowa a gabansa ina cewa na gode, sai dai babu biskit. Na ɗauki waya na rubuta, “Cibiya ce ke ba da taimako, kuma an ce ta rufe. Allah ya ba da lada.” Ya kira, ban ɗauka ba. Ya sake kira, na kashe wayar. Ya zo shago washegari, na ce wa maƙwabciyata mai kitso ta ce ba na nan, alhali ƙarar kekena har titi.

Ranar da ƙafar ta tsage ina sauka daga matakalar shago ne da ƙunshin yadi a hannu. Na ji ƙas, kofin ya buɗe ta gefe. Na rarrafa na koma ciki. Da yamma Mama ta zo ta same ni ina ɗaure tsagar da ƙyalle.

“An ce kwantenar ƙarshe ta iso,” in ji ta. “Duk tsofaffin 'yan cibiya ana yi musu awo ɗaya kafin a rufe. Gobe za mu.”

“Ba zan je ba.”

“Za ki je. Fushi da mutum daban, ƙafa daban.” Ta zauna a kan bencin kwastomomi ta karɓi ƙyallen daga hannuna. “Abin da Gwaggonki ta yi ba daidai ba ne, na faɗa mata. Amma ke ma kin yanke wa yaron nan hukunci ba ki ji ta bakinsa ba. Ni zan raka ki, kamar da.”

Da safe muka tafi, ni a kan sanduna, Mama riƙe da tsagaggiyar ƙafar a cikin leda. Allon ƙofa yana nan, tutocin sun koɗe har ba ka bambance su. A ciki an manna wa kowane inji takarda mai lamba, har tukunyar shayi ba a bari ba. Kantocin da a da ke cike da tafin ƙafa jere-jere, manya da ƙanana, yanzu rabinsu wayam. Mutane sun cika benci, wasu na san su tun muna yara muna tsere a kan sanduna a barandar nan. Wani da muke kira Kyaftin, wanda ya taɓa karya ƙafa uku a shekara ɗaya saboda ƙwallo, ya zo da 'ya'yansa biyu. Muka gaisa muna dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Na tambayi Anti Mai Awo. Aka ce ta tafi, masu tallafin sun ɗauke ta aiki a wata ƙasar da suka buɗe sabuwar cibiya. Na leƙa ɗakin ajiya na sami Baba Gwani zaune a kan kwali, yana riƙe da kofin shayi da hannu biyu don kar ya zube.

“'Yar Gida. Kin zo cizon ƙarshe?”

“Baba, wa zai yi mini awo?”

“Mutum ɗaya ya rage mai hannu a gidan nan, kin san shi.”

“Wanda ya gudu da ya ga miki?”

Ya ajiye kofin a hankali. “Wa ya ce miki gudu ya yi? Ni na cire shi daga kanki.”

Na jingina da kantar kaya. Ya nuna mini wani kwalin na zauna.

“Ranar da kika dawo da mikin nan na ɗauki kofin da ya yi miki na sa hannu a ciki. Na ji wurin da ya kamata ya danna bai danna ba. Kin san lokacin awo akwai inda ake matsewa a ƙasan gwiwa, inda nauyin mutum zai zauna. Yana da zafi. In mai awo ya ga an yamutsa fuska ya sassauta, ranar za a yi masa godiya, bayan wata guda dungu ya riƙa yawo a ciki yana gogar fata. Na kira shi na ce, tun yaushe? Ya ce tun yaushe me? Na ce ruwa ba ya tsami banza. Sai ya sunkuyar da kai.”

“Tausayi ne, Baba. Kowa tausayina yake ji.”

“Tausayi?” Ya yi 'yar dariya. “Yaron nan ya auna jariran da ko magana ba su fara ba. Ya auna wanda wuta ta cinye, yana ihu yana kiran uwarsa. Hannunsa bai taɓa motsi ba. Tausayi dukkanmu muna da shi, a bakin ƙofa muke cire shi tare da takalmi. A kanki kaɗai hannunsa ya sassauta, kuma tun bara ne, Gwaggonki ba ta ma san hanyar nan ba.” Ya kalli hannayensa da ke rawa a kan gwiwa. “Dokar ba ta baƙi ba ce, tawa ce. Lokacin da ciwon suga ya ci ƙafar mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, na ce ba mai taɓa ta sai ni. Tana cewa wash, ina sassautawa. Mikin da ya fito bai warke ba har ta koma ga Allah. Tun daga nan na ce a ɗakin nan ba mai auna wanda yake so.”

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce, “Allah ya jiƙanta.” Ya ce amin. Injin gurza na kuka ta bayan bango.

“To yanzu ya za a yi?” na tambaya.

“Ban sani ba, 'Yar Gida. Hannuna ya mutu, Anti ta tafi, kuma wannan ita ce robar ƙarshe. In ya sake sassautawa, ba wata kwantena da za ta zo a gyara. Shi da kansa ya ce ba zai iya ba.”

Na ɗauki sandunana na miƙe.

Ɗakin awo bai canza ba: gadon nan mai baƙar leda, bokiti, labule mai zanen kifaye da ya tsufa tare da ni. Mama ta zauna a kusurwarta ta da. Bahago ya shigo da rigar aikinsa, ya gan ni ya tsaya cak. Ya rame. Baba Gwani ya biyo shi ya jingina da ƙofa.

“Ba ni zan yi ba,” in ji Bahago, yana kallon ƙasa.

“Kai za ka yi.”

“Kin ga abin da na jawo miki bara.”

“Na gani, na kuma ji dalili.” Na dube shi na ci gaba. “Gwaggo ta roƙe ka ka taimake ni. Ni ban roƙa ba. Tun ina ƙarama ake taimakona, na gode wa kowa, amma ba zan zauna da mutumin da zai riƙa lallaɓa ni kamar ƙwai ba. In har abin da ka rubuto mini gaskiya ne, ka yi awon nan yadda za ka yi wa Kyaftin. Ka matse inda ake matsewa. Ko na yi kuka kar ka saki. In ka sassauta, ka yi mini ƙafar in tafi, kar ka ƙara kawo mini wando.”

Ya ɗago ya kalli Baba Gwani. Tsohon ya ɗaga kafaɗa. “Cibiyar ma ta rufe, balle dokata.”

Bahago ya wanke hannu. Ya durƙusa ya sa mini safar awo, ya lashi fensir ya zana alamominsa a kan ƙashi. Ya tsoma bandejin siminti a bokiti har kumfa ya daina fita, ya fara naɗawa, sanyi ya ratsa ni. Ya shafe, ya daidaita. Sannan ya kafa manyan yatsunsa biyu a ƙasan gwiwata, sauran yatsun ta baya, daidai kan tabon bara, ya danna.

Wayyo, jama'a. Na ga taurari da rana tsaka. Na damƙe ledar gadon, na ciji leɓe, ban iya ba, na saki kuka irin na yarinta, da majina da komai. Na ji Mama ta miƙe, na ji Baba Gwani ya ce mata, “Zauna, Hajiya.” Na buɗe ido na kalli Bahago. Hawaye ne ke bin kumatunsa yana ɗiga a kan farin simintin, jijiyoyin hannunsa sun tashi, haƙoransa a datse. Na ce, “Wash, Bahago, zafi!” Ban yi niyyar gwada shi ba, wallahi zafin ne ya yi magana.

“Na sani,” ya ce. “Yi haƙuri. Bai kama ba tukuna.”

Bai saki ba. Simintin ya ɗauki ɗumi, ya yi tauri a ƙarƙashin yatsunsa, shi kuwa yana nan a durƙushe kamar an dasa shi. Sai da ya ƙwanƙwasa da farce ya ji ya amsa, sannan ya zare shi a hankali ya miƙa wa Baba Gwani da hannu biyu, bai ko share fuska ba.

Tsohon ya kai shi bakin taga. Ya zura hannunsa mai rawa a ciki, ya rufe ido, yana lalubawa. Ya juya shi, ya sake lalubawa. Sannan ya buɗe ido.

“Har ƙashi,” ya ce. “Ko ni ban taɓa yi mata mai kyan wannan ba. A zuba siminti a ciki, a fara haɗa kofin.”

Bahago ya zauna daɓas a ƙasa, a cikin ruwan siminti, ya rufe fuska da fararen hannayensa. Ni kuma ina kan gado da ƙafa ɗaya, ido a kumbure, dungu na zugi, ba turare ba shuɗiyar riga. Ba haka na tsara ranar nan ba ko kaɗan.

Mama ta gyara mayafinta ta ɗauki jakarta. “Yaro,” ta ce, “an ce kana son zuwa gaishe ni. Ka san gidan, ko sai an yi maka kwatance?”

Ya sauke hannu, fuska duk fari, bai kalli Mama ba sai ni.

“Ba a ba ni izini ba tukuna, Mama.”

Na ja majina, na miƙa masa hannu ya ba ni sandunana.

“Ka wanke bakin nan kafin ka zo,” na ce.